Kafin a Ɗinka Yunifom: Yadda Ake Duba Sakandare Domin Yaro Mai Buƙata ta Musamman

A Sheshe, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, karatun firamare abu ne na kusa da gida. Yaro ya fito daga soro, ya ratsa lungu biyu ko uku, sai ga shi a makaranta. Malamin ajinsa ya san mahaifinsa, wataƙila ma sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Idan yaron ba ya ji sosai, ko yana jan ƙafa, ko yana fama da sikila, unguwa ta riga ta sani, ta kuma saba yi masa uzuri tun ba a roƙa ba. Shiga sakandare ne ke warware wannan sabo. Tafiya ta ƙaru, makaranta ta girma, malami ɗaya ya koma goma ko fiye, kowa da darasinsa, kowa kuma yana ficewa kafin ya riƙe sunayen 'yan ajin.

Galibin iyaye da kunne suke zaɓen sakandare. An ce wance makaranta tana da tarbiyya, an ce waccan 'ya'yan manya ne a cikinta, an ce wannan kuma ɗalibanta suna cin jarrabawa. Kano tana da makarantu masu tsohon suna, irin su Kwalejin Rumfa wadda asalinta ke komawa 1927, da Makarantar 'Yan Mata ta Shekara, da ta Dala, kuma ba a banza suka yi sunan ba. Amma suna ba ya gaya wa uwa ko keken ɗanta zai shiga ƙofar banɗaki, ba ya gaya wa uba ko 'yarsa za ta hango rubutun allo daga inda za a zaunar da ita. Wannan sai an je. Gani ya kori ji, kuma ganin da ake nufi shi ne a bi yinin yaron taku-taku, daga ƙofar gida zuwa benci, zuwa famfo, zuwa banɗaki, har dawowa.

Lokacin farawa shi ne tun yaro yana aji shida na firamare, a zango na biyu, tsakanin Janairu da Maris. Sabuwar shekarar karatu tana kamawa ne a Satumba, kuma wanda ya bari sai Agusta zai tarar da azuzuwa a kulle, maigadi kaɗai zai samu. Kada a je ranar rabon kyaututtuka ko ranar taron iyaye da malamai, lokacin da aka share ko'ina aka jera kujerun haya. Talata ko Laraba da hantsi ta fi, lokacin da makaranta ke cikin kamanninta na kullum. Zuwa biyu ne mafi ƙaranci: na farko manya kaɗai, domin a yi tambayoyin da bai kamata a yi a gaban yaro ba, na biyu tare da shi.

Kafin a fita daga gida akwai aikin takarda. A nemi bayanin likita na kwanan nan, ba wanda aka rubuta tun yaro yana goye ba. Mutanen cikin gari sun san inda ake zuwa: Asibitin Murtala a kusa da Ƙofar Mata, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Asibitin Ƙashi na Dala domin matsalar ƙafa da baya, Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari ko Asibitin Ido na Makka da ke nan Kano domin gani. Sai dai takardar likita da turancin likitoci take zuwa, kuma shugaban makaranta ba likita ba ne. Saboda haka iyaye su rubuta tasu takardar, shafi ɗaya tak, da Hausa ko da sauƙaƙan Turanci: abin da yaron yake iya yi da kansa, abin da sai an taimaka masa, abin da ke tayar masa da ciwo, maganin da yake sha da lokacin shan, da lambar wanda za a kira. A fara da abin da ya iya. Yaron da ya haddace izu goma, ko ya fi kowa lissafi a ajinsu, ya cancanci a fara gabatar da shi da wannan kafin a zo kan lalurarsa.

Yana da kyau kuma uba ya shiga ofis yana sane da cewa ba bara ya zo ba. Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta bai wa mai nakasa haƙƙin karatu kyauta har zuwa ƙarshen sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, su sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar kan kula da masu buƙata ta musamman, da kayan aikin da suka dace. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke da mai sanda za su iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. A nan Kano ma gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024. Duk wanda ya zaga makarantu ya san akwai tazara tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke ƙasa. Sanin dokar ba zai gina matakala mai gangara cikin dare ɗaya ba, amma yana canza yadda uba ke zama a kujerar ofis, da yadda ake amsa masa.

Zaɓin da ke gaban mutumin Sheshe kusan uku ne. Akwai Makarantar Masu Buƙata ta Musamman ta Tudun Maliki, a wajen ganuwa ta ɓangaren Titin Gidan Zu, wadda tun shekarun 1970 take koyar da kurame da makafi, tana da firamare da sakandare da ɗakunan kwana. Akwai makarantun gwamnati na kowa da kowa, na jeka-ka-dawo da na kwana. Akwai kuma makarantun kuɗi, waɗanda suka cika cikin gari da kewaye, da yawansu a gidajen haya masu bene. Babu ɗaya daga cikin ukun da ta dace da kowane yaro. Wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa, kansa garau, ba shi da abin yi a makarantar kurame. Abin da yake nema aji ne a ƙasa da hanya mai kyau. Kurman da ya tashi da maganar hannu kuwa, in aka ajiye shi a ajin da babu mai iya magana da shi, zai shekara shida yana kallon bakin malamai.

Ziyara tana farawa ne daga hanya, ba daga ƙofar makaranta ba. A fito daga gida daidai lokacin da yaron zai riƙa fita, wajen ƙarfe bakwai na safe, a bi hanyar da zai bi. Lungunan Sheshe an yi su ne tun kafin a san mota. Wani wurin mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkata, ga kwata a tsakiya, ga dakali ya shigo hanya, ga tudun ƙasa inda katanga ta zube da damina. Mai ƙafa biyu ba ya lura da waɗannan. Amma a tura keken guragu a ciki sau ɗaya, za a san kowane dutse. A lissafa minti nawa ake ɗauka kafin a fito bakin titi ta wajen Mandawari, minti nawa ake jiran adaidaita sahu, ko direba zai yarda ya ɗauki keke, da nawa zai caja a kansa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 adaidaita ce abin hawan ɗalibai, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗinta ya zama abin da ake zama a yi wa lissafi. A ninka kuɗin zuwa da dawowa sau kwana biyar, sau makonnin zango, a ga ko aljihu zai ɗauka har shekara shida. Makaranta mai kyau wadda yaro zai riƙa fashinta saboda kuɗin mota ba ta kai matsakaiciyar da zai je kullum ba.

A bakin ƙofa, a tsaya a gaisa da maigadi a tsanake. Shi ne ke ganin wanda ke makara da abin da ake yi masa. A tambaye shi: "Baba, in yaro ya zo a makare saboda lalura, shi ma tsallen kwaɗo zai yi?" Amsarsa takan fi ta ofis gaskiya.

A ofis za a karɓi baƙo da fara'a, domin mutanen Kano ba a san su da wulaƙanta baƙo ba. Nan ne kuma ake yawan yin kuskure. Uba ya ce, "Ranka ya daɗe, kuna karɓar yara masu lalura?" Shugaba ya ce, "Ƙwarai kuwa, Alhaji, ai duk 'ya'yanmu ne, ba komai in sha Allahu." Aka yi musabaha aka rabu, kowa ransa fari, alhali ba a tsayar da komai ba. Shugaban ba ƙarya ya yi ba, da zuciya ɗaya ya faɗa. Tambayar ce ba ta nemi wani abu a wurinsa ba. Tambayar da ke aiki ita ce wadda amsarta ke buƙatar suna, ko wuri, ko lokaci. "Ranka ya daɗe, 'yan aji ɗaya a ina suke zama?" In aka ce a bene, sai a bi da, "To yarona ba ya iya hawa. Za a iya sauko da ajinsu ƙasa? Wa zai yanke wannan hukunci, kuma yaushe?" Haka nan, "Kun taɓa koyar da ɗalibi mai irin wannan lalura? Ya gama? Wane malami ne ya fi kula da shi, zan iya ganinsa?" Shugaban da ya yi shiru ya yi tunani, sannan ya ce, "Wannan za mu iya, wancan kuwa gaskiya ba mu da shi," ya fi abin dogaro a kan wanda ya amsa komai da to.

Daga ofis sai aji. A nemi izini a zauna a darasi ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma a zauna a inda ake sa ran yaron zai zauna. A wasu makarantun gwamnati aji mai ɗalibai kusan ɗari ba baƙon abu ba ne, na gaba a kan benci, na baya a kan tagogi ko a ƙasa. Daga wurin zaman a dubi allo: baƙi ne sosai, ko ya koɗe har alli ba ya fita a kansa? Hasken taga yana dukansa? Malam yana faɗin abin da yake rubutawa da baki, ko shiru yake yi ya cika allo ya ce a kwafa? Ga yaro mai raunin gani, da zabiya wanda galibi idonsa ba ya hango nesa, malamin da ke karanta abin da ya rubuta ya raba shi da rabin wahala. Ga mai raunin ji kuwa akasin haka ne abin dubawa: malam yana magana yana fuskantar ɗalibai, ko ya juya baya yana yi wa allo bayani? Yaron da ke karanta leɓe, da zarar malam ya juya, darasi ya yanke masa. In yana sa na'urar ƙara ji, a saurari hayaniyar ajin da ta titi, domin na'urar ba ta tace sauti yadda kunne ke yi. Ƙarar janareta da ihun ajin maƙwabta duk tare take kawo su.

A lura da abin da ke faruwa idan malam ya tashi goge allo alhali wani bai gama kwafa ba. Wannan ɗan lokaci yana nuna halin makaranta. Akwai yaran da lalurarsu ba ta bayyana a jiki: mai jinkirin fahimta, mai juya haruffa wajen karatu, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, wanda hayaniya ke rikita shi har ya toshe kunne. Su ne suka fi shan bulala, domin ana ɗaukar abin nasu taurin kai ne ko daƙiƙanci. Iyayen irin wannan yaro su duba hannun malamai da na shugabannin ɗalibai, su ga ko da dorina suke yawo, su kuma tambaya kai tsaye wa ke da ikon dukan ɗalibi a makarantar.

Batun kurame yana buƙatar a ɗan tsaya a kansa. Kuramen Kano suna da harshensu tun da daɗewa, maganar hannu, wadda ake yi a kasuwa da majalisa da gida. Wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta nazarce ta, ta wallafa littafi a kanta a 2000. Amma alamun da makarantu ke koyarwa da su sun samo asali ne daga na Amurka, waɗanda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya shigo da su Najeriya lokacin da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Ma'ana, yaron da ya ƙware a maganar hannu ta gida zai iya shiga aji ya tarar da hannayen malam suna faɗin abin da bai gane ba. Don haka bai isa a ce akwai malamin da ya iya alama ba. A zuwa na biyu a haɗa shi da yaron, a koma gefe a kalla: suna fahimtar juna? Yaron yana dariya, yana mayar da magana? A kuma tambaya ko malamin lissafi da na kimiyya su ma sun iya, ko kuwa mutum ɗaya ne ke yi wa makaranta duka tafinta.

Makaho kuma abin tambaya a kansa kayan aiki ne. Rubutun makafi na Braille, mai ɗigo shida, yana buƙatar allon hudawa da tsinkensa, da takarda mai kauri, ko na'urar bugawa irin Perkins. A ce a nuna su, a taɓa su, a ga ko suna aiki ko a kabad suke a kulle. A tambayi littattafan darasi nawa ne aka mayar zuwa wannan rubutu, da wanda ke karanta amsar ɗalibi ya ba shi maki. In akwai ɗakin kwamfuta, a tambaya ko an sa manhajar da ke karanta rubutu da murya. Irin wannan manhaja mai suna NVDA kyauta ce, kuma wayoyin Android suna zuwa da tasu, TalkBack. Ilimin makafi ba sabon abu ba ne a Arewa, makarantar Gindiri da ke Filato tana yinsa tun 1953, kuma Jami'ar Bayero tana da sashe guda na horar da malaman ilimi na musamman. Ba laifi ba ne uba ya tambaya ko a cikin malamai akwai wanda ya fito daga irin wannan sashe, ko daga Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo.

Sai wurin da baƙo ba ya son zuwa, masu makaranta ma ba sa son kai shi: banɗaki. A dage a je, kuma na ɗalibai, ba na malamai ba. A dubi nisansa daga aji, da ko akwai matakala a ƙofarsa. A auna faɗin ƙofar. Wanda ɗansa ke kan keke ya yanko igiya daidai faɗin keken tun daga gida, ya sa a aljihu, ya gwada ta a ƙofar aji da ta banɗaki da ta masallaci. A leƙa ciki. Masai na tsuguno ne? Akwai ƙarfe a bango da za a dafa? Ƙasan a bushe yake? Yaron da ke rarrafe da hannu, a kan wannan daɓen zai ɗora tafin da zai ci abinci da shi. Akwai ruwa a kusa, ko sai an ɗauki buta an tafi bohol a ƙarshen fili? Yara da yawa masu lalura suna ƙin shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama su a makaranta, kuma ga mai sikila wannan hanya ce kai tsaye zuwa gadon asibiti. Idan an yi gangara domin keke, a duba tsayinta: ƙa'idar magina ita ce kowane taku ɗaya na tudu a ba shi taku goma sha biyu na tsawo. Wadda ta fi haka tsayuwa ado ce kawai, ba mai iya hawanta shi kaɗai.

A makarantar 'yan mata wannan aikin uwa ne, ko yaya, ko gwaggo, domin akwai inda namiji ba zai shiga ba, akwai kuma tambayar da ba zai iya yi ba. Shekarun sakandare su ne shekarun fara al'ada. Ƙofar banɗaki tana da sakata? Akwai malama takamaimai da yarinya za ta je wurinta? Yarinya kurma ko mai raunin fahimta, wadda ba za ta iya ba da labarin abin da ya same ta da sauƙi ba, tana buƙatar a san wanda ke ɗauko ta da wanda ke mayar da ita, direba sananne, ba duk wanda aka tare a titi ba.

Kada a tafi kafin a fita tara. Minti talatin na tara suna koyar da abin da ofis ba zai faɗa ba. A tsaya a inuwa a kalli fili. In akwai ɗalibi mai sanda ko mai keke, ina yake? Cikin abokai ana raba gurasa da awara, ko shi kaɗai a aji yana jiran a dawo? Da wane suna ake kiransa, sunansa na yanka ko sunan lalurarsa? In malami da kansa ya ce "kai gurgu, zo nan," to an ga abin da yara za su koya. A kuma lura da taron safe: minti nawa ake tsayuwa a rana, kuma ko za a yarda zabiya ya sa hula mai faɗi da riga mai dogon hannu, ko a bar mai sikila ya sa rigar sanyi a kan yunifom da hunturu. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, a Disamba da Janairu kuma sanyin asuba yana shiga ƙashi; dukansu biyu suna tayar da ciwon sikila.

Mai farfaɗiya yana da tasa tambayar, kuma a yi ta ga malamin aji, ba ga shugaba kaɗai ba: "Malam, in ta tashi masa a aji, me za ka yi?" Amsar da ake so ita ce a kawar da benci da duk abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, kada a danne shi, kada a tura masa cokali ko wani abu a baki, a duba agogo, in ta wuce minti biyar a nufi asibiti. Har yanzu akwai masu gudun yawun mai farfaɗiya suna zaton ana ɗauka, alhali ba a ɗauka. Malamin da bai sani ba amma ya ce a koya masa, ana iya aiki da shi. A duba ɗakin shan magani, in akwai: wa ke zama a ciki, har ƙarfe nawa, da wace mota ake kai yaro asibiti.

Idan makarantar kwana ce, sai an ƙara da ganin ɗakin kwana da wurin wanka da ɗakin cin abinci. Gado mai hawa biyu ne, kuma wa ke raba na ƙasa? Wa ke ɗebo ruwa, tunda a al'adar makarantun kwana ƙananan ɗalibai ne ke yi wa manya hidima? Wa ke kwana kusa da yara cikin manya, kuma ta yaya kurma zai san an buga ƙararrawa ko an yi gobara da dare? Kwana yana raba yaro da wahalar hanya, yana kuma ba kurma ko makaho abokai irinsa, abin da ba ƙaramin alheri ba ne. Amma yaron da bai iya wanka da wanki da kula da maganinsa ba tukuna, gara a jinkirta masa shekara guda a koya masa a gida.

Tun a ziyarar farko a yi maganar jarrabawa, ko da tana da nisa. Akwai ta kammala ƙaramar sakandare a aji uku, akwai kwalifayin da ɗaliban makarantun gwamnatin Kano ke yi kafin shekarar ƙarshe, sannan WAEC da NECO. Hukumomin jarrabawa suna tanadar takardun Braille da masu manyan haruffa da ƙarin lokaci, amma sai makaranta ta bayyana lalurar ɗalibi lokacin rajista. In jami'in jarrabawa na makarantar bai taɓa cike wannan gurbi ba, gara a sani tun yanzu. JAMB ma tun 2017 take da kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawa a wasu cibiyoyi, ciki har da Kano. Yaron da aka saba ba shi ƙarin lokaci tun gwajin aji ɗaya ba zai ruɗe ba ranar babbar jarrabawa.

Bayan an fito, a nemi iyayen da 'ya'yansu ke ciki. A cikin gari wannan ba wuya: mai unguwa, limami, malamar Islamiyya, ko 'yan kwamitin makaranta za su haɗa mutum da su. Ƙungiyoyin masu lalura ma, na makafi da na kurame da na waɗanda shan inna ya shafa, sun san makarantun da 'ya'yansu suka ji daɗi da waɗanda suka sha wuya, domin su suka zauna a azuzuwan. Kano ta daɗe da sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, jama'ar nan a haɗe suke, kuma ba sa rowar shawara.

Zuwa na biyu na yaron ne. A bar shi ya tura kekensa da kansa daga ƙofa zuwa aji, ya zauna a benci, ya karanta allo, ya shiga banɗaki, ya gwada wurin alwala. Manya su rage magana. A kan hanyar dawowa kada a tambaye shi ko makarantar ta yi kyau, domin ɗan Bahaushe mai kunya zai ce ta yi don ya faranta wa Baba. A tambaye shi me ya gani, wa ya yi masa magana, ina ne ya ji tsoro. A kuma tuna yininsa ba ya ƙarewa da tashi daga boko. Akwai Islamiyya da la'asar, kuma jikin da ya sha hanya sau biyu yana da iyaka.

Idan an tsayar da zaɓi, a koma ofis a rubuta abin da aka amince da shi, ko da a rabin takarda ne: aji a ƙasa, benci na gaba, izinin fita banɗaki ba tare da roƙo ba, gorar ruwa a aji, ɗauke masa sharar fili da tsayuwar rana, da sunan malami ɗaya da zai zama madogararsa, da lambar wayarsa. Shugaba ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Dalilin rubutun shi ne ana yi wa shugabanni da malamai canjin wurin aiki, kuma wanda ya zo daga baya bai ji alkawarin baki ba. Sannan a sa ranar komawa, mako uku ko huɗu bayan fara karatu, a sake zama a aji, a sake leƙa banɗaki, a gwada abin da aka gani da abin da ke cikin takardar. In an sauya wa ajin ɗaki zuwa bene, ko malamin da aka dogara da shi ya tafi, a zauna da shugaba a sabunta yarjejeniyar kafin zangon farko ya ƙare.